Gargaɗi ga masu haibirid a Jidda da Makka: kada a cire muku babban batir kafin a auna ƙaramin

Assalamu alaikum. Jama'armu mazauna Jidda da Makka, musamman masu motocin haibirid, wato masu aiki da fetur da lantarki, irin su Camry da Prius da Lexus, a yi hattara. Akwai wasu mutane da ke yawo da sunan injiniyoyin haibirid masu zuwa har gida, alhali sata ce sana'arsu. Ba warsha (gareji), ba fatura (rasit). Lambar waya ce kawai da bidiyoyi a TikTok da Snapchat, sai talla da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp na 'yan gida. Wasunsu Hausa suke yi da kai tiryan-tiryan, su tambaye ka garinku a Najeriya ko Nijar, su ce ai ɗan uwa ba ya cutar ɗan uwa a ƙasar mutane. Ni aikin wayar mota nake yi a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, kuma motocin da suka bi ta hannunsu wurinmu suke ƙarewa, shi ya sa na san salon nasu.

Ga yadda abin yake faruwa. Ka fito da asuba, ka taka birki ka danna maɓalli, READY, alamar da ke nuna mota ta tashi, ta ƙi fitowa. Fitilun dashbod suna ta kyafta ido, wani lokaci ma rubutu ya fito cewa a duba tsarin haibirid. Hankalinka ya tashi, domin tun ranar da ka sayi motar ake tsorata ka da tsadar babban batir. Ka kira lambar da aka taɓa turowa. Cikin ɗan lokaci mutum ya iso da 'yar kwamfutarsa, ya jona a ƙarƙashin sitiyari, ya girgiza kai, ya nuna maka jerin lambobi a allo ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, babban batir ya mutu." Daga nan sai ya ce a wurin wakilin kamfani kuɗin ya fi ƙarfinka, amma shi yana da wani ɗan Japan, bai daɗe da sauka ba, zai ba ka da rahusa idan ka bar masa naka tsohon.

A wannan sharaɗin na ƙarshe ribar take. Naka da ya kira matacce lafiyarsa ƙalau. Shi zai ɗauka ya sayar wa wani a matsayin ɗan Japan, kai kuma ya saka maka wanda aka harhaɗa daga tashlihi, inda ake farke matattun motoci, ƙwayoyin batirin wannan mota da na waccan. Kafin ya tafi zai yi wa ƙaramin batir ishtirak, wato ya jona shi da batirin wata mota, ko ya ɗan ba shi caji, ya goge lambobin da ke cikin kwamfutar motar. Mota ta tashi, ka yi godiya, har ka ƙara masa na shayi. Bayan kwana kaɗan matsalar ta dawo, domin ba a taɓa tushenta ba. Idan ka ci sa'a ya ɗaga waya, zai ce yanzu kuma inbata ce, na'urar da ke sarrafa wutar babban batir, a kawo wani kuɗin.

Dalilin da ya sa wannan damfara take ci shi ne mutane da yawa ba su san batir biyu ne a motarsu ba. Akwai babban, mai ƙarfin sama da bolt 200, wanda ke ƙarƙashin kujerar baya ko bayanta, shi ke juya injin lantarkin da ke tura ƙafafu, shi ne kuma ke tayar da injin fetur. Sai ƙarami mai bolt 12, irin na kowace mota. A yawancin Camry haibirid da Prius ta 2004 zuwa 2015 a cikin but yake, a gefe, an rufe shi da murfi, shi ya sa wasu shekara da shekaru ba su taɓa ganinsa ba. Ƙaramin nan kamar mai gadi ne da makullin gida ke hannunsa: shi ke kunna kwamfutoci, shi ke rufe rilen da ke haɗa babban batir da sauran mota. Idan ya yi sanyi, ko babban yana cike fal motar ba za ta tashi ba. Kuma idan wutarsa ta yi ƙasa, kwamfutocin rikicewa suke yi su yi ta zubo lambobin ƙarya, na birki, na sitiyari, na haibirid. Waɗannan lambobin ne macucin yake nuna maka.

Wani abin kuma, haibirid ta Toyota ba ta da dinamo, ba ta da kik irin na sauran motoci. Duk wanda ya ce maka zai canza maka dinamon Prius, ka sallame shi tun kafin ya buɗe bonet. Abin da ke cajin ƙaramin batir wata na'ura ce da a yawancinsu take cikin akwatin inbata, tana karɓar wutar babban batir ta rage ta zuwa kimanin bolt 14. Kuma ba ta aiki sai motar tana READY. Wannan ya kamata direbobinmu su riƙe da kyau. Mai jiran Hajiya a bakin asibiti ko a ƙofar makarantar yara, ya danna maɓalli ba tare da taka birki ba, ya kunna rediyo da fanka yana cajin waya, shi ƙaramin batir yake sha kai tsaye, babu abin da ke mayar masa. In za ka zauna a mota, ka sa ta a P ka bar ta a READY, injin zai riƙa tashi yana mutuwa da kansa. Amma ban da cikin rufaffen gareji, saboda hayaƙi.

Kwanakin baya aka jawo wa wani dattijo daga wajen Shara Mansur motarsa zuwa wurinmu, bayan an riga an karɓe masa dubban riyal da batirinsa na asali. Da na ɗaga murfin gefen but, kan ƙaramin batir ya yi farin gari, kan baƙin kuwa da yatsa biyu na juya shi, ko sifana ban ɗauko ba. Na sa mita, bolt 11.6. Na ce, "Baba, yaushe rabon da a canza wannan?" Ya ce shi bai san ma akwai wani batir a nan ba. Da muka bi waya, sai ga na'urar bin sawun mota da mai motar na farko ya saka, an ɗaure ta da baƙin salatif a bayan dashbod, an jona ta kai tsaye da wayar da ba ta mutuwa. Dare da rana tana shan wuta. Ƙaramin batir sabo na 'yan ɗaruruwan riyal da cire wannan na'ura, shi ke nan abin da motar take buƙata tun farko. Babban batirin da aka saka masa kuwa, da muka buɗe bayanansa a kwamfuta, ƙwayoyin kowace da inda ta nufa. Dattijon ya kira lambar a gabana, a kashe.

To, kafin kowa ya taɓa wayoyin babban batir, masu launin ruwan lemo, a yi awo uku a gabanka. Ba sai ka zama makanike ba, idonka kawai za ka sa a kan mita.

Na farko, mota a kashe, bayan ta huta na wasu sa'o'i, a auna kan ƙaramin batir. Mai lafiya yana nuna wajen 12.6. Idan ya sauka zuwa 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya zube. Amma awon bolt kaɗai yana ruɗi, domin batirin da aka cire daga caji yanzu zai nuna lamba mai kyau ko da cikinsa ya lalace. Sai a sa masa na'urar gwajin ƙarfi, wadda kusan duk shagon batir na kirki yake da ita. Zafin ƙasar nan ba ya raga wa batir. A Makka lokacin zafi ana haura digiri 45, kuma a abin da nake gani, da wuya ƙaramin batir ya wuce shekara uku da lafiyarsa.

Na biyu, a tayar da motar ta shiga READY, a sake aunawa. Ya kamata lamba ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. A kunna fitilu da mukayyif (AC) a gani ko za ta tsaya. Idan ta hau, caji lafiya lau, maganar cewa inbata ba ta caji ƙarya ce. Idan ta tsaya a 12 da ɗoriya, to caji ba ya isowa, amma ko a nan ba a fara da inbata. A duba kawunan batir, a duba wayar da ke ɗaure a jikin bodi, a duba babban fis ɗin da ke akwatin fis na gaba. Wannan fis ɗin yakan ƙone idan aka yi wa mota ishtirak aka juya ja da baƙi, abin da ke yawan faruwa da dare a bakin titi idan masu taimako sun yi yawa.

Na uku shi ne wanda macutan ba sa yi ko kusa, domin yana cin lokaci: neman abin da ke shan wuta bayan an kashe mota. Ana kashe komai, a rufe ƙofofi, a kai makulli nesa, a jira motar ta yi barci, minti 30 ko fiye, domin kwamfutocin ba sa kwanciya nan take. Sannan a auna wutar da ke fita ta kan baƙi. Mota mai lafiya ba ta cika wuce miliamfiya 50 ba. Idan ka ga 200 ko 300, akwai ɓarawo a ciki, sai a bi fis ɗaya bayan ɗaya har a gano layin. Wanda ya yi wannan awon cikin minti biyu da ƙofa a buɗe bai yi komai ba, domin buɗe ƙofar direba kaɗai yana tayar da famfon birki a waɗannan motocin, za ka ma ji ƙararsa.

Ɓarayin wutar da muka fi kamawa ba na kamfani ba ne, abubuwan da aka ƙara ne. Kyamarar gaba da ke ɗauka ko mota tana ajiye, allon Android da aka saka a madadin rediyon asali, na'urar bin sawu, cajar da aka bari a soket ɗin da aka yi wa jonin kai tsaye, fitilar but da ba ta mutuwa. Har makulli ma, idan kana rataye shi a bayan ƙofa motar kuma tana jikin bangon, suna iya kwana suna magana da juna. Sai masu tafiya gida hutu su bar mota wata biyu a rana, su dawo su ce haibirid ba ta da amana. Idan za ka yi tafiya, ko ka cire kan baƙi, ko ka bar wa wani amintacce ya riƙa sa ta a READY na kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda duk mako.

Ba ina cewa babban batir ba ya mutuwa ba ne. Yana mutuwa, musamman a motar da ta yi nisa, ko wadda ƙura ta toshe mata ramin iskar da ke gefen kujerar baya, inda fanka ke jan iska tana sanyaya shi. Na sha ganin an jingina filo ko jakar zamzam a daidai wurin. Amma mutuwarsa tana da alamu tun kafin ranar: sandunan caji a allo su cika da sauri su zube da sauri, injin fetur ya ƙi hutawa, shan mai ya ƙaru, fankar baya ta riƙa ihu. Lambar da aka sani da wannan ita ce P0A80. Ko ita ma kada ka yarda da baki. Ka ce a nuna maka wutar kowane rukuni na ƙwayoyin batirin motar tana aiki. Prius mai ƙwaya 28 rukuni 14 take nunawa, Camry mai ƙwaya 34 kuma 17. Idan duk suna tafiya kusan kai ɗaya, batirinka lafiya yake. Mai matsala za ka ga rukuni ɗaya ya ware, yana faɗuwa ƙasa da sauran idan an taka mai. Ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin a goge komai. Mai gaskiya ba zai hana ka ba, macuci kuwa nan take zai ce sauri yake yi, ana jiransa a Bahra.

Akwai kuma ƙananan 'yan uwansu masu sayar da ƙaramin batir daga bayan mota. Tsoho ne ake wankewa, a goge kawunan su yi ƙyalli, a manna sabuwar takarda. Ka duba ranar da aka ƙera shi a jikin robar, ka karɓi katin garanti mai hatimin shago. Kuma tunda a cikin but yake zama, a tabbatar irin wanda ya dace ne, an kuma mayar masa da siririn tiyon da ke fitar da iskarsa waje. Masu gaggawa yar da tiyon suke yi.

Kada ka tura kuɗi zuwa asusun da sunansa ya bambanta da na wanda kuka yi ciniki. Kada ka bar motarka ta kwana a hannun wanda ba ka san ƙofar shagonsa ba. Idan har ta kai ga canza babban batir, ka ɗauki hoton lambar da ke jikin naka kafin a cire, da ta wanda za a saka, kuma a rubuta garanti a fatura mai ɗauke da sunan shago da lambar harajinsa. Ga mai Toyota da Lexus, kafin ka yanke hukunci ka tambayi Abdul Latif Jameel, wakilinsu a nan, ko garantin batirin motarka bai ƙare ba.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru, domin da shirun namu suke samun na gaba. Sun san wasu cikinmu ba sa son zuwa ofis saboda maganar igama, takardar izinin zama, shi ya sa suka fi zaɓar mu. Ka adana hirarku ta WhatsApp da shaidar tura kuɗi da hoton tallan. Idan shago ne, ana kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900 ko ta manhajar Balagh Tijari. Idan mai yawo ne da ya karɓi kuɗi ya ɓace, sai a sanar da banki da wuri, a kuma kai wa 'yan sanda, ko ta manhajar Kulluna Amn. Wanda Larabcinsa bai nuna ba ya nemi ɗaya daga cikin yaranmu haifaffun nan ya raka shi. Sannan ya kai motar a duba batirin da aka saka masa, a tabbatar an ɗaure wayoyin da kyau an kuma mayar da bututun fanka, domin masu wannan aikin a bakin titi suke yinsa, cikin sauri, kuma wutar da ke wurin tana kisa.