Hattara da mai tallan tsofaffin motoci masu ƙofa biyu a Facebook: abin da ya same ni a Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Na daɗe ina juya wannan magana a raina ban faɗa wa kowa ba sai iyalina. Abin da ya sa na fito da ita yau, ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci wani matashi ɗan unguwarmu ya tare ni yana fara'a, ya nuna mini hoton wata mota a wayarsa, ya ce: "Kawu, gobe in Allah ya kai mu zan aika kafin alƙalami." Ban tsaya kallon motar ba, katangar da ke bayanta na kalla. Farar katanga mai baƙar ƙofa, da bishiyar kwakwa a gefe. A gaban wannan katanga aka ɗauki hoton motar da ta cinye mini sefa sama da miliyan 7, wadda yau take ajiye a tsakar gidana ƙarƙashin bishiyar bedi. Na riƙe hannun yaron na ce kada ya aika ko dala.

Mutumin da ya sayar mini da motar yana da shafi a Facebook, kuma yana sauya wa shafin suna lokaci zuwa lokaci, shi ya sa faɗin sunan ba zai amfane ku ba. Ku gane shi da aikinsa. Tsofaffin motocin ƙawa kawai yake tallatawa, masu ƙofa biyu, irin na shekarun 1970 da 1980. Yana cewa yana da filin ajiye motoci a Lome. Da ka yi masa magana zai mayar da kai WhatsApp, da lambar Togo, daga baya ya ba ka wata ta Nijar ya ce ta ƙaninsa ce. Hausarsa irin tamu ce, ba ka jin baƙunta a bakinsa. Ba ya rubutu, saƙon murya yake turowa, yana farawa da sallama da tambayar iyali, yana kiran ka Alhaji ko ba ka taɓa zuwa Makka ba.

Ni da Peugeot 504 ya kama ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da 504 doguwa ya ciyar da mu, yana jigilar fasinja tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma a cikinta na koyi tuƙi. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san Fijo: a 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna shekara da shekaru, har ta zama kamar ƴar gida. Amma akwai wata 504 da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba, mai ƙofa biyu, gajera, mai kwantaccen baya, wadda ake kira 504 Coupé. A 1969 ta fito, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta kuma ya ƙera shi, aka daina yin ta a 1983. Irinta mai injin V6 ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1978, ta kuma lashe na Bandama a Kodibuwa a wannan shekarar. Tun ina yaro nake da hotonta da na yanko daga wata tsohuwar mujalla. Da na ga ja, ƙirar 1973, ana tallanta miliyan 5 da rabi har Maraɗi, zuciyata ta riga hankalina.

Maganar da ta kwantar mini da hankali ita ce wadda ya faɗa tun ranar farko: "Alhaji, ai Fijo ce. Duk abin da ya lalace, ka shiga kasuwar Maraɗi ko ka tsallaka Katsina ka saya." Wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma da rabin gaskiyar yake farauta. Injin mai silinda 4 ɗan gidan na 504 da muka sani ne, wasu kayansa suna shiga. Amma jikin motar ba shi da haɗi da na sauran ko kaɗan. Ƙofa daban, gilashi daban, fitilu daban, bonet daban, har tsakanin tayoyin gaba da na baya ya fi na 504 mai ƙofa huɗu gajarta da santimita 19. In gilashin gaba ya fashe, babu shagon da za ka same shi daga nan har Kano. Sannan ba kafireto take da shi ba. Wani famfon feshin mai ne na Jamus da ake kira Kugelfischer, mai aiki da ƙarfe zalla ba lantarki, wanda ba ya jure dattin mai, ba ya jure dogon zama, kuma masu iya saita shi ƴan ƙalilan ne. Duk wannan bayan aski na san shi.

Na aika miliyan 2 ta kamfanin aika kuɗi, da sunan da ya ce na ƙaninsa ne. Cinikin biri a sama, ba mota a gabana, ba takarda. Wata uku ina jira. Kowa ya san tun 2023 hanyar Kwatano ta Gaya ta rufe, kaya suna zagayowa daga Lome ta Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, ana daɗewa. Da wannan gaskiyar ya riƙa fakewa. Yau ayari bai tashi ba, gobe ana neman jaka 400 na mai ɗauko ta, jibi jaka 250 na wata takarda. Ina biya, don kuɗina sun riga sun shiga.

Motar ta zo, kuma a nan ya bambanta da ƴan damfarar da muka saba ji. Da ya gudu da miliyan 2 ɗin nan, da asarar ta tsaya a nan. Bayan isha'i aka sauke ta daga bayan babbar mota, direban yana gaggawa, ya ce an umarce shi kada ya miƙa makulli sai an cika kuɗi. A hasken fitila tana sheƙi. An murza makulli ta tashi. Na biya sauran a daren.

Kwana uku na yi ina zagaya gari da ita da sanyin safiya. Rana ta huɗu na ɗauki ɗana muka nufi Tibiri da azahar. Ba mu kai ba sai wari ya cika motar, tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet, alhali allurar zafi tana kwance a tsakiya kamar ba abin da ke faruwa. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa. Da giya da birkin hannu na tsayar da ita a gefen hanya. Har yau in na tuna yaron nan yana zaune kusa da ni, jikina yana mutuwa.

Aka ja ta zuwa garejin wani dattijo da ya yi wa mahaifina gyara tun zamanin Seyni Kountché. Ya zagaya ta sau biyu bai ce komai ba, sannan ya ce: "Ɗana, wa ya duba maka ita kafin ka biya?" Na ce: "Baba, bidiyo aka turo mini." Ya shiga ciki ya ɗauko mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika, ya riƙa ɗora shi a jikin motar. A saman ƙofa ya kama. A ƙasan ƙofa ya faɗi. A bayan tayoyi ya faɗi. Duk inda ya faɗi ba ƙarfe ba ne, mastik ne aka cika aka shafe da fenti. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga yashin garejin muna gani ta cikin rami, an rufe shi da guntun kwano da kwalta. Ya ce a Turai gishiri ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, shi ke cin motoci daga ƙasa, kuma wannan ta daɗe da ciwuwa.

Ina so a fahimce ni a nan, don shi ne zuciyar maganar. Motar da ta haura shekara 50 dole ta yi ciwo, ko da hannun waliyyi ta fito. Roba tana bushewa ta tsage, tun daga tiyon ruwa har na birki. Wayoyin wuta suna ƙeƙashewa. Tankin mai yana tsatsa daga ciki. Lagireton da aka yi wa lissafin sanyin Faransa, ya kuma toshe da shekaru, ba zai ji daɗin zafin watan Afrilu na Maraɗi ba, lokacin da ake haura digiri 40. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, man kwalba na bakin hanya yana kashe famfon feshi. Wannan ba laifin kowa ba ne, ba na wanda ya ƙera ta ba, halin tsufa ne, kuma mai son irin waɗannan motoci ya san zai riƙa hidima da ita kamar mai kiwon doki. Da abin da Baba ya samu ke nan, da na yi haƙuri na ci gaba da gyara.

Amma abin da ya nuna mini aikin hannu ne. An cire wayar allurar zafi an haɗa ta yadda za ta tsaya wuri ɗaya. An zare ƙwan fitilar da ke nuna ƙarancin man inji. An cika injin da baƙin mai mai kauri kamar na babbar mota don ya ɓoye ƙara da hayaƙi. An zuba garin toshe yoyo a lagireto. Da aka buɗe kan injin, gasket ɗin ya daɗe da ƙonewa, kan kansa ya lanƙwashe. Wani tiyon birki na baya an naɗe shi da roba an ɗaure da waya. Wanda ya yi wannan ya san wani zai ɗauki ɗansa a ciki.

Na kira shi raina a ɓace. Bai kashe waya ba, bai yi faɗa ba. Ya yi salati, ya jajanta mini, ya ce: "Alhaji, ka san tsohuwar mota sai haƙuri, ni ma haka na saye ta a hannun Bature." Ya ce yana da mutum a Faransa da zai samo kan inji da kayan famfo na asali. Ina da zaɓi? Babu mai su a nan. Na aika jaka 600. Bayan wata biyu kwali ya iso: tsohon kan inji da aka wanke da kalanzir, da wasu robobi da ba na wannan mota ba. Ya ce kuskuren mai aikowa ne, a ƙara jaka 300 a canza. Na ƙara. Ba abin da ya zo. Ashe sayar da motar share fage ne, kasuwarsa ta gaskiya ita ce kayan gyara, don ya san kowace lalacewa za ka ɗora ta a kan tsufa, kuma ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa sai tasa.

Da ya ji na gaji, sai ya zo da sabuwa. Wai akwai Baturen da ke tara irin waɗannan motoci, zai saye ta yadda take miliyan 9, amma in biya jaka 500 na takardun fitar da ita. Yayana ne ya karɓe wayar daga hannuna ya ce masa a cire kuɗin daga cikin miliyan 9 ɗin. Tun daga ranar lambar ba ta sake shiga ba.

Takardun ma haka. Da na je neman a yi mata kart-giris, wato takardar rajistar mota, da sunana, ma'aikacin ya gwada lambar shasi da ke kan takardar duwan da wadda ke jikin motar. Farantin da ke ƙarƙashin bonet ya dace da takarda, amma ƙusoshinsa sababbi ne fil, kuma lambar da aka buga a ƙarfen jikin motar daban take. Takardar wata 504 ce mai ƙofa huɗu. Ko da na gyara ta yau, ba ni da ikon hawa titi da ita.

Saboda haka, don Allah, duk wanda zuciyarsa ta kwanta da irin waɗannan motoci, kada ya aika kuɗi kan hoto ko bidiyo. Ka je da ƙafarka, ko ka biya wa makanikenka kuɗin mota ya je, ya fi maka araha. A duba ta da rana tsaka, a tayar da ita injin yana da sanyi, a shiga ƙarƙashinta, a ɗaga shimfiɗa, a tafi da mayen ƙarfe. In an murza makulli kafin a tayar, a tabbata fitilar mai da ta batir sun kama. A yi tafiya mai nisa da ita cikin zafi a ga ko allura tana motsi. Kada ka yarda da agogon kilomita, irin na da mai lamba 5 yana komawa sifili in ya cika. Lambar shasi kuwa a karanta ta a wuri uku, takarda da faranti da jikin ƙarfe. Kuma tun kafin ciniki ka nemo inda za ka riƙa samun kayan gyara wanda ba ta hannun mai sayarwa ba. In ya ce a sauke maka mota da dare, ka ce a kwana.

Na shigar da ƙara, na miƙa rasiɗan aika kuɗi da saƙonnin muryarsa duka. A can na ji cewa akwai wani daga Tasawa da ya riga ni kai irin wannan kuka, shi ko motar bai gani ba. Na san akwai waɗanda kunya ta hana su magana, yadda ta hana ni wata da watanni. Ku tattara rasiɗanku, kada ku goge saƙonni, ku je komisariya ko wajen jandarma mafi kusa da ku. Jiya da dare matashin nan ya sake nuna mini shafin: an sauya suna, an sa wata shuɗiyar mota a gaban farar katangar, kuma mutum 14 sun riga sun tambayi farashi.