Kaset, faifai ko memori: da wanne za ka sake kallon fim ɗin dodon yarinta?

Muna yara a ƙauyenmu, gefen Wudil, akwai gidan kallo na zana, janareta na ruri a bayansa. A nan na kalli wani fim na Amurka, na dodon da ke fitowa daga tafki cikin dare yana jan mutane. Na yi mako ban yarda an aike ni rijiya bayan magariba ba. Bana na tashi nemansa, kuma ga abin da na gani ga mai son saye.

Kaset ɗin bidiyo ka bar shi, sai in ajiya kake so ta tarihi. Tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera na'urar kunna kaset ɗin, ya daina. Kaset ɗin da ya yi damina ashirin a ɗakin ƙasa kuwa sau da yawa fumfuna ta ci zarensa. In ma na Amurka ne, tsarin hoton talabijin ɗinsu NTSC, namu PAL, sai wata na'urar ta nuna maka baƙi da fari.

Faifai ya ɗan fi. Amma VCD ba ya wuce minti 80, shi ya sa fim ke zuwa faifai biyu, don haka ka tabbatar na biyun na cikin kwalin. Ka juya bayansa ga hasken rana, in ya kakkarce ka ajiye. Wanda na fi gargaɗi a kai shi ne DVD ɗin nan da ake cusa finafinai goma a faifai ɗaya. DVD na yau da kullum giga 4.7 ne kacal, dole a matse kowane fim, kuma duhu ne ke fara lalacewa wajen matsi. Irin waɗannan finafinan dodon ba su da kuɗi, dodon mutum ne cikin rigar roba, sai suka ɓoye shi a duhu, ka ga hannu kawai, ko ido, ko ruwa na motsi. Tsoron duka a nan yake. In duhun ya dagargaje ya koma baƙaƙen dabbare-dabbare, fim ɗin ya tafi.

Ni masu tura fim na zaɓa. Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, na zauna gaban kwamfutar wani matashi na kwatanta masa dodon, ya lalubo kwafi biyu. Na ce, "Ƙanena, kai ni wurin dare tukuna." Na farko ba ka ganin komai. Na biyu, wanda ya kusa giga ɗaya, har kumfar bakin tafkin ta fito. Kada ka biya sai ka ga wurin duhu da idonka, kuma ka saurari sauti. Akwai kwafin da aka ɗora wa fassarar Hausa, yana da daɗi ga yara, amma muryar mai fassara kan danne shirun da ke zuwa kafin dodon ya fito. Ni na ɗauki mai asalin sauti.

Memorin ma ka gwada shi a wurin, jabu sun yi yawa: a rubuta giga 32, ka zuba kaɗan ya fara cinye fayil. YouTube kuwa sai inda sabis ke da ƙarfi.

A filas na sa aka zuba mini, ba a waya ba, don ƙaramin gilashi na cinye duhun. Bayan isha na soka shi a talabijin, na kashe ƙwan ɗaki, 'ya'yan yayana suka matso kan tabarma. Da ruwan tafkin ya fara motsi, ƙaramarsu ta kama gefen rigata.