Kaliyofi ko Hifatiya: wanne ya fi dacewa da jaririya?

'Yar'uwa, kin ce sunaye biyu na tsohuwar Girka ne suka tsaya miki a rai, Kaliyofi da Hifatiya, kina neman a auna miki su kafin ranar suna. To, bambancinsu babba ne, kuma ba a daɗin furuci yake ba.

Kaliyofi na nufin mai kyakkyawar murya. Sai dai mai sunan ta asali ba mutum ba ce. A tatsuniyoyin Girkawa tana cikin 'ya'ya mata tara na Ziyus, babban abin bautarsu, kuma ita mawaƙa ke roƙo in za su tsara doguwar waƙar jarumta. Nan ne gizo ke saƙa. Gidan da ke ƙyamar sunan abin bauta ba zai karɓe shi ba, don haka a tuntuɓi malami ko fasto tun kafin a yi wa yarinya huɗuba da shi. A Girka ta yau sunan na nan da ransa, domin cocin Otodoks na da waliyyiya mai wannan suna, ana tunawa da ita ranar 8 ga Yuni.

Hifatiya kuwa daga kalmar da ke nufin mafi ɗaukaka aka samo shi, kuma mai sunan mace ce da ta rayu a Iskandariya ta Masar. Mahaifinta Tiyon masanin lissafi ne, ita ma ta gaje shi, ta koyar da lissafi da ilimin taurari da falsafa, almajirai na zuwa mata daga garuruwa masu nisa, har da Kiristoci alhali ita ba Kirista ba ce. Ɗaya daga cikinsu, Sinesiyus, ya zama bishop, wasiƙun da ya aika mata suna nan har yau. A shekarar 415 wasu gungun Kiristoci suka kashe ta a tsakiyar rikicin bishop Siril da gwamna Orestes. Wasu iyayen wannan mummunan ƙarshe ke hana su. Mu a wajenmu bai rage mata komai ba, malama ce da yarinya za ta ɗaga kai ta ce sunanta ta ci.

Duka biyun a asali suna da harafin p, bakin Bahaushe kuma f zai mayar da shi. Hifatiya ya fi sa'a, kafin a yaye ta kakanni sun koma kiranta Fati.

Rubutu ne ke jawo wahala. Ana rubuta na farkon Calliope, Kalliope ko Kalliopi, na biyun kuma Hypatia a Turanci. Ku tsayar da rubutu ɗaya a takardar haihuwa, ku bi shi harafi da harafi a makaranta da fasfo, domin harafi ɗaya in ya saɓa sai an je kotu rantsuwa.

Mu dai Hifatiya muka zaɓa miki. Allah ya raya.