Maimaita kalma a harshen Hadoti da Hausa: inda suka haɗu da inda suka raba hanya

Ɗan'uwa, ka ce ka ci karo da batun maimaita kalma a harshen Hadoti, kana tambaya ko daidai yake da "sannu-sannu" da "gida-gida" da muke faɗa. Akwai inda suka yi daidai, amma wurin da suka bambanta ya fi ban sha'awa, don haka can zan fi daɗewa.

Hadoti harshe ne na kudu maso gabashin jihar Rajastan a Indiya, yankin Kota da Bundi da Baran da Jalawar. Sunan ya fito daga dangin Hada da suka yi sarauta a wurin. Ƙidayar 2011 ta samu masu magana da shi kusan miliyan 3, ta kuma lissafa su ƙarƙashin Hindi, wanda da ma ɗan'uwansa ne na kusa. Misalan da zan kawo na Hindi ne, da rubutun Hausa, domin tsarin maimaicin ɗaya ne a harsunan wannan yanki, kuma kunnen mai kallon finafinan Indiya ya riga ya saba da su.

Wajen maimaita kalma gaba ɗayanta, kusan ba mu da saɓani. Su ce "gar-gar", mu ce "gida-gida". Su ce "dire-dire", mu ce "sannu-sannu". "Do-do" nasu shi ne "biyu-biyu" namu a wajen rabo, "garam-garam" kuwa abinci ne da ɗumi-ɗuminsa. Kalmar ta dawo yadda take, sauti bai canza ba.

Daga nan ne hanya ta rabu. Masu Hadoti da makwabtansu suna maimaita kalma a bayanta, amma sai su cire baƙin farko su sa wani baƙi guda da ba ya canzawa, wanda ke tsakanin "w" da "v". Shayi "cai" ne, sai a ce "cai-wai". Gurasa "roti", "roti-woti". Ruwa "pani", "pani-wani" (wannan "wani" ba namu ba ne, dacewa ce kawai aka yi). Rabin na biyu ba shi da ma'ana shi kaɗai, amsa-kuwwa ce. Amma haɗuwar tana nufin shayi da abin da ke tafiya da shi, kuma tana sassauta magana, kamar mai masauki ya ce wa baƙo "ko a kawo ɗan shayi ko wani abu?" Idan kalmar da wasali ta fara, ba abin cirewa, sai a ɗora baƙin kawai: mangwaro "am", "am-wam". Kowane yanki da baƙinsa: mutanen Punjab sun fi son "sh", su ce "cai-shai", Bangali kuma su sa wani irin "t", ruwa "jol" ya zama "jol-tol".

Hausa ba ta da wannan a matsayin ƙa'ida. Gwada cewa "shayi-wayi" a teburin mai shayi ka ga kallon da za a yi maka. Mu da kalmomi muke wannan aiki: "su shayi", "shayi da sauransu", "kaza da kaza".

Abin da Hausa ta ƙware a kai shi ne ta ciro guntun farkon kalma ta ajiye shi a gaba, sannan ta gyara sautin ya zauna daidai a baki. Buga ta zama bubbuga, kama kakkama, yanka yayyanka. Da guntun zai fito yadda yake, "bugbuga" za mu ce, amma Hausa ba ta son "g" a ƙarshen gaɓa, sai ya rikiɗe ya zama irin baƙin da ke biye da shi. Wani lokaci kuma "r" yake komawa: fita, firfita, mutu, murmutu. Idan kuma baƙin da ma "r" ne, kamar a kira, za ka ji wani ya ce kikkira wani ya ce kirkira, kuma duk Hausa ce. Ko kalma irin "aika", da a rubutu kamar wasali ne farkonta, hamzar da ke ɓoye a gabanta ita ake ninkawa, a ce an a'aika yara. Ma'anar nan yawa ce: aikin ya faru sau da yawa, ko ya shafi mutane da yawa. Haka sifa take samuwa daga suna: ƙarfi, ƙaƙƙarfa, zafi, zazzafa, kyau, kyakkyawa.

To ka ga bambancin. A "cai-wai" kwafin yana baya, kuma da gangan aka ɓata kansa don kada ya yi kama da asali. A "bubbuga" kwafin yana gaba, an yanke masa wutsiya, sautin da ya rage kuma makwabcinsa ne ke juya shi. Can baƙi ɗaya ake kawowa daga waje ya hau kowace kalma, nan kuwa kalmar da kanta take samar da kayan aikin.

A ganina maimaicin Hausa ya fi shiga cikin ƙashin nahawu. Ba za ka yi jam'in ƙofa ko hanya ba sai ka maimaita baƙin ƙarshe, ƙofofi, hanyoyi. Ga kuma irin su tafiye-tafiye da gine-gine da sace-sace, inda "t" na sata ya koma "c" a gaban "e", canjin kuma ya bayyana a ɓangarorin biyu. Amsa-kuwwar Hadoti kuwa ta hira ce da sakin jiki, mutum zai iya barinta jimlarsa ta tsaya lafiya. Wani abu da Hausa ke yi wanda yakan ruɗe mai koyo shi ne maimaici ya rage ƙarfin kalma maimakon ya ƙara: riga fara-fara ba ta kai fara ba, tuwo mai tsami-tsami kuma bai gama tsami ba.