Sayen Alfaka Mai Asali: Abin da Ya Kamata a Auna Kafin a Biya

Alfaka dabba ce daga dangin raƙumi, sai dai ba ta da tozo, kuma nauyin babbarta yakan kasance tsakanin kilo 55 zuwa 80. Asalinta tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, inda aka fara kiwonta shekaru dubbai da suka wuce, kuma har yanzu ƙasar Peru ce ke riƙe da mafi yawanta a duniya, domin ƙidayar aikin gona da aka yi a can a 2012 ta nuna akwai sama da miliyan 3.6, yawancinsu a yankunan Puno da Cusco da Arequipa. Gashinta ne dalilin kiwonta. Amma kasuwar da ake sayar da alfaka a kan sunan uba da kaka, wadda ita ce ta shafi mai neman dabba ta kafa garke, ta fi ƙarfi a Amurka da Ostareliya da Birtaniya, kuma can ne mai saye ya fi bukatar buɗe ido.

Tarihin wannan kasuwa ya isa ya zama gargaɗi. An fara shigar da alfaka Amurka da yawa a 1984, sannan a 1998 masu kiwo suka rufe littafin rajista ga duk dabbar da za a sake shigowa da ita daga waje. Da yake dabbar tana haihuwar ɗa ɗaya ne tak a shekara, sai ta yi ƙaranci, farashi ya hau, mace mai ciki ta riƙa kaiwa dubban daloli masu yawa. A 2007 masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Tina Saitone da Richard Sexton, suka wallafa nazarin da ya nuna kuɗin da ake samu daga gashin ba zai taɓa ɗaukar nauyin irin wannan farashi ba. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 kasuwar ta karye, duk da cewa a 2010 an sayar da wani namiji mai suna Snowmass Matrix a gwanjo a kan dala 675,000. Dabbobi ƙalilan na ƙoli suka riƙe darajarsu, na tsaka-tsaki kuma suka faɗi warwas, har wasu masu kiwo suka riƙa bayar da nasu kyauta. Waɗanda suka fi shan asara su ne waɗanda suka sayi suna a takarda ba su duba dabbar da kanta ba.

Saboda haka tambayar farko ita ce me mutum yake so ya yi da dabbar. Wanda ke son gashi domin saƙa ko sayarwa kaɗan-kaɗan, ko yana son dabbobi su yi kiwo a filinsa, ba shi da hujjar biyan kuɗin asali. Dandaƙaƙƙun maza sun wadatar da shi, sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma sun fi sauƙin sarrafawa. Sharaɗin kawai shi ne kada ya sayi ƙasa da uku, domin alfaka dabbar garke ce, kaɗaici yana lalata lafiyarta da halinta. Wanda ke son hayayyafa domin ya sayar wa wasu, shi ne maganar jini ta shafa.

Iri biyu ne ake da su. Huacaya, wadda ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na alfakar duniya, gashinta yana tsayawa ne a jiki, cike, mai lanƙwasa ƙanana, kuma shi ne masaƙu suka fi sabawa da shi wajen yin zaren rigar sanyi. Suri kuwa gashinta yana zubowa ƙasa a dogayen tufka masu sheƙi da santsi, ana yin yadi mai tsada da shi. Ƙarancin Suri yana jan hankalin sabon mai kiwo, yana ganin abin da ya yi ƙaranci dole ya yi tsada, alhali ƙarancin ya shafi masu saye ma, ya shafi yawan mazan kirki da zai samu a kusa, ya kuma shafi masana'antun da za su iya sarrafa gashin. A ganina wanda yake farawa ya fi samun sauƙi da Huacaya, sai dai idan ya riga ya san wanda zai sayi gashin Suri a hannunsa.

Sunan da mai saye zai fi cin karo da shi a talla shi ne Accoyo. Wannan sunan gonar Julio Barreda ne da ke kusa da garin Macusani a yankin Puno, mutumin da ya shafe fiye da rabin ƙarni yana tace garkensa, yana cire duk dabbar da ba ta kai ba, har fararen alfakarsa suka yi suna wajen cikar gashi da daidaituwarsa. An fitar da wasu daga cikinsu zuwa Amurka a shekarun 1990, shi kuma ya rasu a 2006. Darajar sunan ta gaskiya ce. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, darajar ta fito ne daga tacewar da mutumin ya yi, kuma tacewa ba ta bin jini da kanta idan waɗanda suka gaji dabbobin suka daina yin ta. Shahararren kaka yana ba jikarsa kimanin kashi 25 cikin 100 na gadonta ne kawai, kakan kaka kuwa abin da ya rage nasa bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma haɗarin kusancin jini: idan sunan uba ɗaya ya bayyana ta wajen uwa da ta wajen uba, kyawawan halaye za su iya ƙaruwa, haka ma ɓoyayyun aibobi za su iya fitowa fili.

Takardar rajista wajibi ce ga dabbar hayayyafa, amma a san iyakar abin da take tabbatarwa. Ƙungiyar masu alfaka ta Amurka, wato AOA, wadda aka kafa a 2014 bayan haɗewar ƙungiyoyi biyu, tana tabbatar da uwa da uba ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta kafin ta yi wa dabba rajista. Birtaniya da Ostareliya ma suna da nasu littattafan rajista a ƙarƙashin ƙungiyoyinsu. Abin da takardar ke faɗa shi ne wane ne ya haifi wane. Ba ta ce dabbar tana da gashi mai kyau ba, ba ta kuma ce za ta haihu lafiya ba.

Shaidar ingancin gashi tana cikin sakamakon gwajin da ake yi a ɗakin bincike, inda ake yanko ɗan gashi daga tsakiyar haƙarƙarin dabba a auna kaurin zarensa da ma'aunin maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. A tsarin Peru, gashin da bai wuce maikuron 23 ba shi ake sanyawa a ajin laushi da ake kira na jariri, ko da daga babbar dabba aka aske shi, wanda ya haura 30 kuwa yana sukar fata. Lamba huɗu ne mai saye zai duba a takardar: matsakaicin kauri, da yadda zaren ya bambanta da juna, da kason zaren da ya wuce maikuron 30, da kuma nauyin gashin da aka aske a shekarar. A nan ne ake yawan ruɗar sabon shiga. Kusan kowace alfaka tana da gashi mai laushi a askinta na farko, kuma kauri yana ƙaruwa da shekaru da kuma yawan ci. Mai sayarwa zai iya nuna sakamakon da aka ɗauka tana 'yar wata goma, alhali yanzu shekararta biyar. Idan aka ajiye mace 'yar shekara ɗaya mai maikuron 17 a gefen mace 'yar shekara bakwai mai maikuron 21, ta biyun ta riga ta nuna cewa laushinta mai ɗorewa ne, ta farkon kuwa alkawari ne kawai. Don haka a nemi sakamakon kowace shekara a jere, kowanne da ranar da aka ɗauki gashin, a kuma nemi na uwa da na uba. Haka nan laushi shi kaɗai bai isa ba, domin dabbar da ba ta ƙoshi ba gashinta yakan yi siriri saboda yunwa, kuma dabba mai laushin gashi da ba ta ba da nauyin kirki ba ba za ta biya kuɗin abincinta ba. AOA tana da tsarin lissafi da ke tattara sakamakon dabba da na danginta domin hasashen abin da za ta gadar wa 'ya'yanta, kuma idan dabbar tana cikin wannan tsari, lambobinta sun fi kambun da ta ci a gasa amfani, tun da gasa hukuncin rana ɗaya ne a kan dabbobin da suka halarta.

Wajen zaɓen mace, hanyoyi uku ne a gaban mai saye. Budurwar da ba ta taɓa haihuwa ba ta fi araha, kuma shekarun haihuwarta duka suna gaba, amma babu wanda ya san ko za ta ɗauki ciki cikin sauƙi, ko tana da nono, ko za ta kula da ɗanta. Macen da ta haihu sau biyu ko uku ta amsa duk waɗannan tambayoyi, kuma ana iya zuwa a ga 'ya'yanta a taɓa gashinsu. Ta uku ita ce macen da ake sayarwa da ɗa a gefenta da kuma ciki, wadda ta fi tsada amma ta fi saurin gina garke. Da yake cikin alfaka yana ɗaukar kusan wata 11 da rabi, kuma tagwaye abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuskuren zaɓe ɗaya yana cinye shekara guda cur. Wannan ne ya sa na fi karkata ga macen da ta riga ta haihu, ko da asalinta bai kai na budurwar ƙayatarwa ba. Idan an ce tana da ciki, a nemi hoton na'ura mai ɗauke da kwanan wata. Masu kiwo suna da tasu hanyar, wato a kawo namiji kusa da ita: idan ta gurfana babu ciki, idan ta tofa masa yawu ta guje shi ana kyautata zaton akwai. Alama ce mai amfani, amma ba ta isa a biya kuɗi a kanta ba.

Namiji kuwa, shawarata ga mai ƙaramin garke ita ce kada ya yi gaggawar saye. Namiji ɗaya yana shafar duk 'ya'yan garken, kuma bayan 'yan shekaru 'ya'yansa mata za su isa barbara, dole a nemo wani. Biyan kuɗin barbara ga namijin wata gona yana ba mutum damar zaɓar wanda ya dace da kowace mace, ya gyara inda take da rauni. Wanda ya nace sai ya saya, ya san cewa namiji ba ya cika balaga sai wajen shekara biyu da rabi zuwa uku, kuma wanda ba a ga 'ya'yansa daga mata daban-daban ba, cinikin biri a sama ne komai kyan takardarsa. A kuma guji namijin da aka raina da kwalbar madara yana cuɗanya da mutane fiye da kima, domin irinsu sukan girma su riƙa kai wa mutum hari kamar yadda suke yi wa 'yan'uwansu maza.

Duk wannan ba ya maye gurbin duba dabbar da hannu. Gashi yana ɓoye rama, don haka a ɗora tafin hannu a tsakiyar gadon baya a ji ko ƙashin ya fito da kaifi ko nama ya rufe shi daidai. A buɗe gashin da yatsu a kafaɗa da tsakiya da cinya, a ga ko lanƙwasarsa iri ɗaya ce, a ga faɗin layin fatar da ya bayyana, domin ƙanƙantar layin alama ce ta cikar gashi. A ɗaga leɓe a duba ko haƙoran ƙasa sun sauka daidai a kan dasashin sama. A sa a ja dabbar ta yi tafiya, a kalle ta daga gaba da baya a ga miƙewar ƙafafu. Ga namiji a taɓa maraina a tabbatar biyu ne, girmansu ɗaya. Ga mace a ƙirga kan nono, huɗu ake so. A tambayi mai gona kai tsaye ko an taɓa haifar ɗa mai toshewar hanci ko karkatacciyar fuska a wannan zuri'a, domin aibobi ne da ake zargin suna bin jini, kuma ɗan da aka haifa da toshewar hanci da wuya ya rayu. Farar alfaka mai shuɗin ido sau da yawa kurma ce. Launi ma lissafi ne: fari ya fi karɓuwa a masana'anta saboda yana ɗaukar rini, baƙi da ruwan toka kuma sun fi samun masoya a cikin masu saƙar hannu.

Likitan dabbobin da zai duba ta kafin ciniki ya zama wanda mai saye ya ɗauko ya biya. A gwada kashi domin tsutsar ciki, musamman mai shan jini, wadda ke kashe alfaka a wurare masu ɗumi da laima, a gwada jini domin cutar gudawar shanu ta BVD, wadda dabba kan ɗauka tun a ciki ta yi ta yaɗawa tsawon rayuwarta. A Birtaniya tarin fuka na shanu ya hallaka garkuna da dama, don haka a can tarihin gwajin gonar gaba ɗaya ake tambaya. Sabuwar dabba kuma a killace ta na tsawon makonni kafin ta shiga cikin sauran.

Sayen kai tsaye daga gona ya fi gwanjo dacewa da mai farawa, saboda yana ganin uwa da 'yan'uwa, yana ganin yadda ake ciyarwa, kuma yana da wanda zai kira idan haihuwa ta zo da matsala. A gwanjo akan samu dabbobi na ƙoli, amma lokacin dubawa gajere ne kuma zafin tayi yana sa mutum ya wuce abin da ya yi niyya. Garken da mai shi ke tashi daga kiwo yakan yi araha, sai dai yawanci babu lamuni bayan an biya. Kowace hanya aka bi, a rubuta yarjejeniya da ta fayyace abin da zai faru idan macen ba ta ɗauki ciki ba, ko ta yi ɓari, ko ɗan ya mutu a kwanakin farko, da kuma ranar da za a mayar da rajista zuwa sunan mai saye.

Akwai kuma maganar yanayi, wadda asali ba ya magance ta. Alfaka dabbar tsaunuka masu sanyi ce, zafi haɗe da laima yana iya kashe ta, yana kuma rage ƙarfin haihuwar namiji. Masu kiwonta a wurare masu ɗumi suna aske ta kafin zafi ya shigo, suna tanadar inuwa da fanka da ruwan sanyaya ciki da ƙafafu, kuma duk wannan kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi tare da na ciyawa da shinge da mai aski da likita. Wanda ke zaune a ƙasa mai tsananin zafi, dangantakar dabbar da raƙumi kada ta sa ya ɗauka juriyarsu ɗaya ce, kuma ya fara da neman shawarar likitan dabbobi da dokokin shigo da dabbobi na ƙasarsa tun kafin ya tuntuɓi kowace gona.