Sharhi: wata uku da titin tseren ƙananan motocin lantarki, da akori-kurar da ta ƙi ɗaga mini kai

Ƙanina da ke zaune a Amurka ne ya aiko mini da shi, bayan na ishe shi da turo masa bidiyon tsofaffin motocin tsere na can. Da farko cewa ya yi, "Yaya, wannan fa na yara ne." Na ce ya aiko kawai, mu ma yaran wasu ne.

Titi ne na baƙar roba, miƙaƙƙe ɗoɗar babu kwana, mai layi biyu. Kowane layi da tsaga a tsakiya, da siraran ƙarafa biyu a gefenta masu ɗauke da wuta. Motocin ba su fi tsawon ɗan yatsa ba. A ƙarƙashin hancin kowace akwai ɗan tsinke da ke shiga tsagar, da wasu 'yan fallayen tagulla biyu da ke gogar ƙarafan suna ɗebo wa injin wuta. Kai kuma kana riƙe da abu mai kunama kamar ta bindiga, shi ne totur ɗinka. Babu sitiyari, babu giya.

Abin da ake kwaikwaya shi ne tseren nan na Amurkawa na motoci biyu a miƙaƙƙen titi, kwatar mil, wato ƙafa 1,320, wanda hukumar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 ke kula da shi. Nawa titin ƙafa 13 ne. Da yake motocin kashi ɗaya ne cikin 64 na girman mota, cikakkiyar kwatar mil sai ta haura ƙafa 20, don haka an ɗan yi mana ƙwange. Ban damu sosai ba, ko a haka sai da muka janye kujerun falo.

Inda kayan ya ci kuɗinsa shi ne danjar tashi, wadda suke kira bishiyar Kirsimeti. Fitilu masu ruwan ɗorawa su sauko ɗaya bayan ɗaya, sannan koriya. Ka riga koriyar, ja ta kama, ka faɗi tun kafin ka je ko'ina. Tseren kansa ƙiftawa da bismilla ne, duk daɗin yana cikin jiran nan da yatsa ke rawa a kan kunama. Ɗana mai shekara tara ya fi ni kaifin ido, kuma ba ya ɓoye farin cikinsa. "Baba, ja kuma!" Na ji wannan fiye da yadda zan so in faɗa a nan.

Sai dai ba motocin da ke cikin kwalin ne suka ja ni ba. Su masu ladabi ne, an sa musu maganaɗisu a ƙasa ya manne su da titi kamar ƙaska. Ni mahaukatan nake so.

A 1965 kamfanin Hurst ya ɗauki mota ƙirar Plymouth Barracuda, ya cire inji daga gaba, ya dasa ƙaton inji mai suna Hemi 426 a baya, ƙarƙashin faffaɗan gilashin bayan motar, aka sa mata suna Hemi Under Glass. Niyyar ita ce nauyi ya danne tayoyin baya su kama ƙasa. Suka kama fiye da kima: da an taka totur sai hanci ya tashi sama. Aka ga ba za ta ci tsere ba amma tana cika fili da 'yan kallo, sai aka bar ta a kan wannan sana'ar. Haka ta faru da Little Red Wagon, 'yar jar akori-kura ƙirar Dodge A100 ta Bill Golden, mai inji a bayan mazaunin direba. Direban irin wannan mota sama kawai yake gani ta gilashi, sai ya leƙa titi ta wata kafa da aka huda a ƙasa, yana saita motar da birkin tayoyin baya, na hagu daban, na dama daban. Ga kuma Showboat ta Tommy Ivo ta 1961, mai injin Buick har huɗu, biyu na juya tayoyin gaba, biyu na baya, duk tayoyin huɗu na tuƙa hayaƙi.

To, jar akori-kurar ce na ce sai na yi tawa. Na sa aka ƙaro mini bodinta, na ɗora a kan ƙashin ɗaya daga cikin motocin, wato gindin da ke ɗauke da inji da tayoyi, na ɓamɓare maganaɗisun ƙasa da bakin allura, na liƙa ɗan noti a can baya. Na ja kunama. Hanci ya tashi kam, amma yana tashi fallayen tagullar suka rabu da ƙarfe, wuta ta yanke, ta faɗo, wuta ta dawo, ta sake zabura. Haka ta bi titin tana tsallen kwaɗo, a rabin hanya tsinken ya fita daga tsaga ta shige ƙarƙashin kujera. Uwargida da ke wucewa ta ce, "Maigida, wannan ce ta Amurkar?"

Daga baya na gane dabarar masu wannan harka. Sukan ɗaura tsinken da fallayen a kan wani hannu mai lilo, ya tsaya a titi yana shan wuta yayin da bodi ke ɗagawa. Ƙashin motocin kwalina bai bar wurin yin haka ba, kuma a wannan ƙanƙantar aikin sai mai hannun gyaran agogo. Shi ya sa masu son ƙera irin waɗannan da yawa ke komawa manyan motoci na kashi ɗaya cikin 24, inda kwatar mil take ƙafa 55.

Sauran ƙorafi. Wutar titin ta Amurka ce, mai ƙarfin volt 110, kuma gargaɗin da ƙananan haruffa aka rubuta shi. Allah ya sa na karanta kafin in soka a soket ɗinmu na 220, na je na sayo taransifoma mai rage wuta. Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce: kwana biyu ba a goge ƙarafan ba sai mota ta yi ta shaƙuwa, tayoyi na zamewa. Ina birgima tayoyin a kan salatif, ƙarafan kuma abin goge fensir ya ishe su. Mahaɗin gaɓoɓin titin roba ce mai rauni, biyu sun riga sun karye saboda yawan harhaɗawa da wargazawa, yanzu na kafe shi a kan dogon katako.

Mai neman abin da zai haɗa shi da yaransa da yamma ya saya, ba zai yi da-na-sani ba. Mai neman Little Red Wagon da gaske ya san kwalin nan ba zai ba shi ita ba. Ni dai na samo gutsuren tagulla da fil a wajen wani mai gyaran agogo a kasuwa, ya ce in kawo masa motar ranar Asabar ya gani.