Sisin gwal biyu a cikin gado: mai dushewa ko mai ƙyalli?

Hajiya, Allah Ya jiƙan Inna, Ya kyautata namu zuwan. Na ga tambayarki da hotunan da kika turo daga Jekadafari. Don waɗanda ba su gani ba: a adudun marigayiyar an sami sisin gwal biyu. Ɗaya ya dushe, da kan tsohuwa mai lulluɓi da shekarar 1900, kuma daga hannun kakar su Hajiya ya fito. Ɗayan sai walƙiya yake yi, da kan mai gemu da shekarar 1919, ita Innar ce ta sayo shi a Makka. 'Yan'uwan Hajiya biyu kowacce idonta na kan mai ƙyallin, ana kuma shawarar a kai mai duhun wajen maƙeri ya wanke shi kafin a raba. Wanne ya fi daraja, kuma a wanke ko a bari?

Kada a wanke. Da wannan na fara don kada wani ya riga ya kama hanyar kasuwa kafin ki gama karatu. Sannan, iyakar abin da hoto ya nuna, mai dushewar ne ya fi, sai dai tazarar ba ta kai yadda masu labarin tsoffin kuɗi ke kururutawa ba.

Dukansu biyu suna da'awar abu ɗaya ne, wato fam ɗin gwal na Ingila. Tsohuwar Sarauniya Biktoriya ce, wadda ta rasu a 1901; hoton mai lulluɓin daga 1893 aka fara buga shi. Mai gemun Sarki Joji na Biyar ne, kansa ya fara hawa fam a 1911. A bayan kowanne akwai mahayin doki da takobi yana tattake dodo, zanen wani Ba'italiye, Benedetto Pistrucci, shi ya sa za ki ga haruffan B.P. ƙanana a daman shekara. Tun 1817 awon wannan kuɗi bai canja ba: nauyi giram 7.98, faɗi milimita 22.05, karat 22. Ma'ana kashi goma sha ɗaya cikin goma sha biyu gwal ne, ragowar galibi jan ƙarfe don ya yi ƙwari. Gwal tsantsa da ke cikinsa giram 7.32 ne.

To, ga inda suka fara rabuwa. Ba a Landan kaɗai ake buga fam ba. Akwai rassa, kuma kowane reshe yana sa harafinsa a ƙasan da doki ya taka, daidai saman tsakiyar shekarar: S na Sidni, M na Melbon, P na Pat, duka ukun a Ostareliya, C na Otawa a Kanada, I na Bombai a Indiya, wanda a 1918 kawai ya buga na Joji, SA na Firetoriya a Afirka ta Kudu, daga 1923 zuwa 1932. Na Landan ne ba shi da harafi. Landan kuwa ta tsayar da bugawa a 1917 saboda yaƙi, ba ta sake fitar da mai kan Joji ba sai mai shekarar 1925. Saboda haka fam na 1919 na gaskiya tilas ya kasance da S, M, P ko C. Na ƙara girman hotonki har ya fara dishi-dishi, ban ga harafi a ƙarƙashin dokin Joji ba. Ki sa tabarau mai ƙara girma ki duba da kanki a hasken rana. In babu, magana ta ƙare: bai taɓa ganin gidan buga kuɗin Ingila ba. Na 1900 kuwa ko da harafi ko babu duk daidai ne, don Landan da rassan Ostareliya uku duk sun buga a shekarar.

Kar wannan ya sa a ce an cuci Inna a Makka. Ƙasashen Larabawa sun daɗe da amincewa da fam ɗin gwal fiye da takarda. A 1933, da kamfanin Amurka ya karɓi izinin neman mai a Saudiyya, da fam ɗin gwal 35,000 ya yi biyan farko. Da aka daina bugawa alhali buƙata ba ta ragu ba, sai maƙera a Italiya da Beirut suka shiga buga nasu da gwal na gaske, har ya zama ɗaya daga dalilan da suka sa Ingila ta koma bugawa a 1957 da kan Sarauniya Elizabet. Ita ma Saudiyya ta fitar da nata mai nauyi iri ɗaya a 1370 da 1377 Hijiriyya. Har gobe shagunan gwal na Makka da Jidda da Dubai suna sayar da mai kan Joji, giram 8, galibi karat 21, kuma ba a ɓoye ba: wani ma za ki ga an buga masa 21K ko 875 a gefe. Gwal aka sayar wa Inna, gwal ta saya. Shekarar da ke jiki ado ce, kamar liyarin azurfa na iyayenmu da duk 1780 ke rubuce a kansa ko da yaushe aka buga shi. Ha'inci yana farawa ne ranar da wani ya ɗauki irin wannan ya ce tsohon kuɗin Turawa ne, a ƙara masa farashi.

Yanzu a ɗora su a sikeli, irin mai nuna lamba biyu bayan ɗigo da masu gwal ke amfani da shi. Na Biktoriya, in na asali ne, zai faɗi ƙasa da 7.98 kaɗan, don hannaye sun ci shi. Dokar Ingila kanta ta amince da shi a matsayin kuɗi har ya sauka zuwa 7.93. Na Joji, in bugun maƙera ne, sau da yawa 8.00 cif zai nuna ko ya ɗan gota. A nan mutane ke ruɗuwa, su ce ai ga shi ya fi nauyi. Ki yi lissafin: giram 8 a karat 21 gwal tsantsa giram 7.00 ne, giram 7.95 a karat 22 kuwa wajen 7.29. Mai sauƙin ya fi mai nauyin gwal da kusan kashi huɗu cikin ɗari. In kuma aka yi rashin sa'a na Jojin karat 18 ne, ya koma giram 6.

Sai kallon jiki, kuma nan ne na fi so ki natsu. Tsufa da kwaikwayo dukansu suna dusar da zane, amma ba iri ɗaya ba. Kuɗin da ya yi yawo a hannu, tudun zanen ne ke lafewa: kumatun sarauniya, ninkin lulluɓinta, ƙirjin mahayi da cinyarsa. Kwarin zanen kuwa, inda yatsa ba ya kaiwa, yana nan da kaifinsa. Haruffa tsaye suke, bakinsu a yanke. Na kwaikwayo, musamman wanda aka zuba a mazubi, ko'ina laushi ɗaya ne, tudu da kwari. Haruffan sun kumbura, fili yana da 'yan ƙuraje ko ramuka kamar na allura, lambobin shekara wata ta fi wata tsawo. Ki juya shi ki dubi tsagin gefe: na asali a jere suke, zurfi ɗaya, na maƙera wani wuri zurfi wani wuri shafe, wani lokaci har da layin haɗi. A hotonki gemun Joji ya dunƙule, ba a ganin silin gashi, alhali kuɗin da ke wannan ƙyalli bai yi yawon da zai cinye masa gemu ba. Kama da wane ba ta wane.

Maganaɗisu ba ya kama gwal, amma tagulla ma ba ya kama ta, don haka ba hujja ba ne. Gwajin ruwa ya fi shi: ki ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikeli, ki mayar da shi sifili, ki rataya kuɗin da zare cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ba. Gwal mai karat 22 zai nuna kusan giram 0.45, tagullar da aka yi wa ruwan gwal kuwa, in nauyinsu ɗaya, wajen 0.90. Yana kama jabu tsantsa, amma bambancin 21 da 22 ya yi masa ƙanƙanta. Wannan sai na'urar haska gwal, ita ma fatar sama kawai take karantawa, shi ya sa ake haɗa ta da nauyi da faɗi.

Abin da aka saba a kasuwanninmu, daga Gombe har Bauchi, shi ne a goga a dutse a ɗiga asid. Ga na Joji babu laifi, tunda ƙarfensa ake saye. Ga na Biktoriya ban yarda ba sai an rasa kowace hanya, don gogar tana cin gefe, kuma tabon ba ya komawa.

Dalilin hana wanki ke nan ma. Masu tara tsoffin kuɗi suna da ma'aunin lafiyar jiki daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949. Kamfanoni biyu na Amurka, PCGS da NGC, su aka fi sani da tantancewa: su duba, su ba da lamba, su rufe kuɗin a gidan roba. Daga 60 zuwa sama shi ne wanda bai taɓa yawo ba. Wanda aka wanke ko aka goge, ko aka taɓa liƙa masa kunne don sarƙa, ba sa ba shi lamba sam, sai dai su rubuta aibinsa. Burushi da garin wanki suna barin siraran zane a fili, wanda ya san abin da kallo ɗaya zai gane. Duhun da kike gani a lungun haruffa shaida ce a gare shi, ba datti ba. A riƙe shi ta gefe, a naɗe shi shi kaɗai a takarda mai laushi, kada ya riƙa gogar ɗan'uwansa. Na Joji kuwa a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu in ana so, babu abin da zai rasa.

Kada kuma gidan ya ɗauka an tsinci dami a kala. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, ƙaranci ne ke sawa, sannan lafiyar jiki. Na 1900 miliyoyi aka buga, kuma wannan ya sha hannu, don haka ko a Landan kuɗin gwal ɗinsa ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Waɗanda ake rububi su ne irin na 1917 maras harafi, da na 1920 mai S, da wasu daga na Otawa. Su ne kuma aka fi yi wa jabu: ana kankare harafin na Ostareliya na 1917 don ya zama na Landan. Duk wanda ya zo miki da irin waɗannan a farashin gwal, ko bai san abin da ya riƙe ba, ko ya sani sarai.

Ga kuma gaskiyar kasuwarmu. Mai gwal a nan, har ma a Kano, sikeli da karat yake saye, ba tarihi ba, domin shi ma narkarwa zai yi ko ya sayar wa mai neman sadaki. Abin da ya kamata ki tsaya a kai shi ne a biya na Biktoriya a farashin karat 22, kada a haɗa su biyun a yi musu kuɗin goro a matsayin 21. Aika shi waje don a tantance ba zai fitar da kuɗin aikawar ba, sai in duba ya nuna wata shekara ko harafi mai wuya. A ra'ayina ma, in ba matsi, shi ne wanda ya cancanci ya zauna a gida. Irin na Joji gobe ma alhazai za su sauko da shi, wanda ya fito daga hannun kaka kuwa ba a sayo shi.

Game da rabo, kada a ce ke ɗauki ɗaya ke ɗauki ɗaya. A auna kowanne a shaguna biyu ko uku a rana guda, tunda farashi na motsi kullum, a rubuta nauyi da karat da kimarsa a naira, a kai wa malamin da ke rabon gadon. Shi zai faɗi yadda za a cike giɓin, don musayar gwal da gwal tana da hukuncinta, ba a yin ta da ka. In kin samu dama, ki turo hoto uku na kowanne: yana kan sikeli lambar na fitowa, gefensa, da kuma wurin shekarar daga kusa, a hasken taga ba na fitilar waya ba.